Banɗakin da Ya Kalli Gabas

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karatun tsara cikin gida, amma har yau idan aka kira ni mai digiri a garinmu Roni ba na jin daɗi. Ba karatun nake jin haushi ba. Na so shi, duk da gwaggonnina sun ɗauka jeren ɗakin amarya na je koyo, suna tsokanata wai da na zauna a gida da sun koya min kyauta. An koya mana awon ɗaki, ta inda haske zai shigo, ta inda iska za ta fita, da faɗin ƙofar da keken mara lafiya zai wuce. Abin da ke ƙona min rai shi ne abin da na zana da hannuna a shekarar ƙarshe, da mutumin da ya sa ni zana shi.

A shekarar ne Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Mutumin da ke noman geronsa da gyaɗarsa da kansa ya dawo daga asibiti a Kazaure yana jan ƙafar hagu, yana dogara sanda. Banɗakin gidanmu kuwa yana can ƙarshen tsakar gida, bayan rumbu da turken awaki. Kullum sai ya ratsa wannan filin da buta a hannunsa mai lafiya, yana tsayawa yana hutawa. Inna ta kawo shawarar a ajiye masa fo a ɗaki, ya yi mata kallon da ba ta ƙara tayar da zancen ba.

Don haka da aka ce kowa ya zaɓi aikin kammala karatu, ban yi dogon tunani ba, ɗakin Baba na zaɓa. Na zo hutu da tef ɗina na auna shi kansa, tsayin gwiwarsa idan ya zauna da inda hannunsa ke kaiwa a bango. Na zana masa gado ɗan gajere wanda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa, da ƙarfen riƙewa a jikin bango, da daɓen siminti mai kaushi wanda sanda ba za ta zame a kai ba. Na sa banɗaki a cikin ɗakin, da ɗan dakalin alwala. Masan zama kuma na juya shi ya kalli kudu. Wannan ko tunani ban yi a kai ba, domin a garinmu ko birkilan da bai taɓa shiga aji ba ya san ba a fuskantar gabas a masai, ba a kuma ba ta baya.

Malamin da aka ba shi duba aikina ɗan yankinmu ne, daga wajen Babura. Da na ji haka har murna na yi, na ce na samu ɗan gida. Ashe ban san komai ba. Ya yi karatu a ƙasar waje, kuma tun da ya dawo yake Hausa kamar tana yi masa ciwo a baki. Ya shimfiɗa zanena a tebur, ya zaro jan biro.

"Wannan mene ne?"

"Dakalin alwala ne, Malam."

"Masallaci aka ce ki zana?"

Ya soke shi. Ya soke daɓen simintin ya rubuta tayil mai sheƙi. Ya soke gadon ya ce wannan na ɗan makarantar kwana ne. Ya ce a sa bahon wanka irin na otel, ga mutumin da ɗaga ƙafa ya tsallake bakin ƙofa ma aiki ne a wurinsa. Sannan biron ya tsaya a kan masan.

"Me ya sa kika karkata shi? Kin ƙara tsayin bututu, kin cinye fili. Mai da shi jikin wannan bangon."

"Ranka ya daɗe, idan ya jingina da nan, mai zama zai kalli gabas."

Ya yi dariya har da kwantar da kai a kujera. "Je ki tambayi malamai, a cikin gini babu laifi. Nan jami'a ce, ba zauren mai unguwa ba."

"Ɗakin babana ne, Malam."

"Babanki ne zai ba ki maki?"

Sau uku ina komawa ofishinsa da zanen yadda yake. A na ukun ya ce masu jarrabawa za su zo daga wata jami'a, shi kuma ba zai bari in kunyata shi da ɗakin ƙauye ba. Ko in gyara, ko in maimaita shekara. Wallahi ya san abin da nake nufi sarai. Na tabbata a gidan mahaifinsa babu masan da ya kalli gabas, kuma da fulamba ya yi masa haka a nasa gidan da sai ya sa an fasa.

Na gyara. Na ce wa kaina ai takarda ce, ba a kwana a cikinta. Na zana duk abin da ya ce, aka buga shi fes, aka yi masa bango, ya sa hannu, aka buga hatimi. Na ci maki mafi yawa a ajinmu. Na kawo zanen biyu gida na zuba a akwati, da niyyar idan na dawo daga bautar ƙasa in nemi yadda za a gina na gaskiyar.

Yayana babba yana aiki a Kano. Mutumin kirki ne, amma gaggawa ta yi masa yawa, kuma yana son abin da za a gani a yi magana. Ina can kudu ya yanke shawarar yi wa Baba ɗakin ba tare da na sani ba, wai don in dawo in yi mamaki. Ya buɗe akwatina ya tarar da zane biyu, ɗaya na fensir duk an cakuɗa shi da jan biro, ɗaya mai bango da hatimi da sa hannun malamin jami'a. Ba sai na faɗi wanda ya ɗauka ba. Inna ta ce birkilan ma ya yi magana, ya ce, "Alhaji, wannan fa gabas yake kallo." Yaya ya ce masa, "Kai ka fi malaman jami'a sani ne? Yi abin da ke takarda."

Da damina na dawo. Ɗan acaɓa ya sauke ni ana yayyafi, na shiga gida na ga sabon ɗaki da fenti mai kyau, ƙofarsa a rufe. Ga Baba kuma a tsakiyar tsakar gida cikin caɓi, da butarsa, ya nufi tsohon banɗaki. Inna ta ja ni gefe. Ta ce ranar da aka buɗe ɗakin ya shiga, sandarsa ta zame a tayil sai da Yaya ya tare shi. Ya leƙa banɗakin, ya daɗe yana kallo, ya fito ya sa wa kowa albarka. Tun daga ranar bai ƙara shiga don wata buƙata ba.

Na kira Yaya a waya, na faɗa masa maganganun da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta. Ya bari na gama, sannan ya ce, "To ni me na yi? Ke kika zana. Ga sunanki nan a ƙasan takardar." Na kashe wayar.

Na je na durƙusa gaban Baba na ce zan kawo wanda zai fasa daɓen a juya masan.

"Uwata, ba za a fasa ba," ya ce. Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min. "Yayanki don Allah ya yi. Idan aka sa guduma a ɗakin nan, gari zai ce ya yi aikin banza."

"To Baba, ka yi amfani da shi mana. Ai malamai sun ce a cikin gini babu laifi."

Sai da maganar ta fita na gane ta malamin nan ce a bakina, na ji kamar in tofar da yawu.

"Na sani," ya ce. "Na ji wannan karatun tun ba a haife ki ba. Ni dai ba zan iya ba."

Abin da ya fi ci min rai shi ne alfahari yake da ɗakin. Mabuɗin yana aljihunsa. Duk wanda ya zo dubiya sai ya sa an buɗe masa ya gani, yana cewa, "Aikin 'yata ne, a jami'a ta koyo." Wata Juma'a bayan an sauko, abokansa uku suka zo. Ina bayan labule da kwanon ruwan sha, na ji sun zaga sun fito. Ɗaya daga cikinsu, dattijon da ba ya ɓoye abin da ke ransa, ya gyara murya.

"Malam, ɗaki ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma su a jami'ar ba a nuna musu inda gabas take ne?"

Na tsaya da kwanon a hannu ina jiran Baba ya ce aikin yaran zamani ne, ko ya ce malaminta ne ya sa ta, don na gaya masa komai.

"Ba laifin yarinya ba ne," ya ce. "Ni ne ban koya mata ba."

Shi da ya kama kafaɗuna ina 'yar shekara shida ya juya ni a kan sallaya, ya ce nan ake kallo. Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar, a gaban abokansa, kuma saboda ni ya yi ta.