Matar da Ta Ƙi a Sauke Ta

Kakarmu, Iya Delu, tana cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya tasa daga ƙauyensu. Lokacin sanyi, bayan isha'i, mukan kewaye murhunta tana gasa mana kifi, tana mita. Can sai ta ce, "Ku matso, ga ta nan tafe, ni ba zan ɗaga murya ba."

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta wata mata da aka ɗora wa damin dawa daga gona. Dami kuwa ba ya saukuwa sai wani ya kama maka. Matar nan kunya ta hana ta ce a sauke ta. Kowa ya ce mata sannu da kaya, sai ta ce lafiya lau. Ta wuce ƙofar gidansu, ta wuce gari, wuya na shigewa, har damin ya manne mata a baya. "Ita ce ta zama kunkuru," in ji Iya. Muka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Yanzu ina koyarwa a makarantar 'yan mata a Kiru, kuma wallahi na gaji. Bana, saura mako biyu a fara jarrabawar fita, Hadiza mai zuwa ta ɗaya ta miƙo mini takardar gwaji fara fat. Danginsu sun riga sun laƙaba mata Likita. Ta rame, ta ce ita ta fasa jarrabawar.

"Me ke damunki?"

"Ba komai, Malama. Lafiya lau."

Na ji kamar Iya ta zungure ni. Na zaunar da ita a gindin darbejiya, ban yi mata faɗa ba, tatsuniyar nan kawai na ba ta. Ina gamawa kuka ya ƙwace mata. Ashe ta daɗe ba ta barci, in ta buɗe littafi sai tsoro ya kama ta. Muka raba karatun kaɗan-kaɗan, na je na roƙi mahaifiyarta a daina kiranta Likita sai an gama. Ta zauna jarrabawar.

Ranar ƙarshe ta leƙo ofis, ta tarar da ni cikin tulin takardu. "Malama, ke wa ke sauke ki?"

Na buɗe baki, ashe lafiya lau ta riga ta iso kan harshena. Da ƙyar na haɗiye ta. Sai a ranar na gane abin da ya hana Iya dariya. Tun tashin ƙauyensu take ɗauke da nata damin, mu kuwa muna ta cin kifi.