Ɗakin Delu Mai Taya Shida

Ranar Talata ce bayan azahar. Ina bakin shagona a Tarauni, ƙusa uku a bakina, ina buga ƙafar wata kujera, sai wayata ta yi ƙara. Zulaihat ce, 'yar aminina Lawan, wadda take aikin nas. Ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Baba Hamisu, Baba ya rasu."

Ta ce alwala ya yi, ya zauna a matakalar motarsa yana jiran a tayar da salla, daga nan bai tashi ba. Na tofar da ƙusoshin, na yi ta maimaita innalillahi. Da na juya neman takalmina, abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wani ɗan gammo da na ɗinka masa da safen nan, yana kan teburina yana jiran la'asar.

Shekara talatin da ɗaya muna tare da Lawan. Mutumin Ringim ne, gajere, mai dariyar da ake ji daga ƙarshen layi. Ni kafinta ne, ina kuma ɗinkin kushin. Shi kuwa ya yi direban haya, daga baya ya samu aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a asibitin koyarwa, ya shekara ashirin da biyu a kai har ya yi ritaya. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai Kafinta. Ni ma Direba nake ce masa. Tuƙinsa kuwa kamar mai ɗauke da kunu a cinya. 'Yan adaidaita sahu su yi ta masa oda a baya, shi ko a jikinsa. In na yi masa tsiya sai ya ce, "Kafinta, wanda yake kwance a baya shi ya san rami."

Matarsa Delu ta daɗe da ciwon baya. Tana iya ɗan takawa a tsakar gida, tana iya kwanciya, amma zama a kujera ya wuce minti goma sha biyar ba ta iyawa. Mahaifiyarta kuma, Inna Hauwa, tana can Nguru, ta haura tasa'in, ido ya tafi, kunne ya yi nauyi, ba ta ɗaukuwa zuwa Kano. In aka haɗa su a waya, Delu ta yi ta ɗaga murya, tsohuwa tana cewa, "Wai wa ke magana ne?" Shekara bakwai ba su haɗu ba.

Da Lawan ya yi ritaya ya ce zai samo mota a shimfiɗa wa Delu katifa a baya, a kai ta Nguru. Ta ce sam.

"Ni ba zan shiga garinmu a kwance a bayan mota ba kamar wadda aka sallamo daga asibiti. Inna ta shafa ni ta ji haka, ai na kashe ta. In da ɗakina zai tashi ya tafi Nguru, da na bi shi."

Da wani mijin ne, da ya yi dariya ya bar zancen. Lawan sati biyu ya yi yana yawo a garejin garin nan, sannan ya zo ya ja ni har Unguwar Gano. A bayan wani gareji ya nuna mini tsohuwar Kosta, ta wata makaranta da aka rufe tuntuni. Tayoyinta shida duk sun kwanta, gilashi biyu ne ya rage, kaji sun mayar da kujerar baya akurki.

Na ce, "Direba, wannan ai 'yan gwangwan ma sai sun yi shawara."

Ya doki bodin da tafin hannu, tsatsa ta zubo masa a ƙafa. Ya ce, "Ka ji ƙarfe? Sa'armu ce. Mu ma wa ya ce mun ƙare?"

Aka jawo ta zuwa ƙofar gidansa a Gyadi-Gyadi. Shekara ɗaya da wata huɗu muka yi a kanta. Shi ya sauke inji ya wargaza shi a kan tabarma, yana wanke kowane ƙarfe da kananzir yana yi masa magana kamar jikansa. Ƙofar Ruwa kuwa ya je ta fi sau hamsin neman kayan gyara, har masu shaguna suna hango shi su ce, "Baba mai Kosta, yau me ya mutu?" Mai walda ya toshe ramukan ƙasa. Ni na cire kujerun, na shimfiɗa katako, na yi silin, na keɓe ɗan banɗaki a can ƙurya. Aka ɗora tankin ruwa da sola a sama. Ranar da injin ya tashi, hayaƙinsa ya kori masu shayi daga bakin layi, Lawan yana tsaye a ciki yana tari yana dariya.

Sai dai mun yi wauta, kuma mu biyu muka yi ta. Na bar shi ya tsara cikin yadda ya ga dama, shi kuwa abin da ya sani ya yi. Ya shafe ko'ina da farin fenti. Ya sa na yi siririn gado mai ƙarfe a gefe don kada a faɗo. Komai tsaf, komai fari fat. Zulaihat ta riƙo hannun uwarta suka hau, muna tsaye muna jiran yabo.

Delu ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Saura ka rataya mini ƙarin ruwa."

"Hajiya, ɗaki ne fa."

"Ɗakin wa? Tun da kake ka taɓa jin inda namiji ya yi wa mace jere?"

Ta sauka. Lawan ya dube ni ya ce, "Kai ma da kake da mata, ba ka ce komai ba."

Muka sake fenti, ruwan ganye. Na fasa gadon na yi mai faɗi, na buga kanta hawa uku a jikin bango. Ranar wata Asabar ƙannen Delu da maƙwabta suka zo jere, har da guɗa, kamar ana kai amarya. Suka shimfiɗa leda, suka rataya labulaye, suka fito da kayan da Delu ta zo da su gidan tun aurenta, tasoshi da kwalla da farantan tangaran, suka jera su reras. Suka turara turaren wuta.

A ranar ne Lawan ya ɗaura labule mai kauri a bayan kujerun gaba. Na zo zan wuce da guduma, ya tare ni da hannu.

"Ina zuwa? Nan zaure ne. Daga labulen nan cikin gida ne, ba a shiga."

"Ni da na buga kowace ƙusa a ciki?"

"Gidaje nawa ka yi wa ƙofa a Tarauni? Kana shiga?"

Daga ranar ban sake ganin cikin motar nan ba. In na zo sai na yi sallama a matakala.

Washegari muka fita gwaji, ni da shi, za mu je Hotoro mu dawo. Ba mu yi nisa ba tayar baya ta faɗa wani ɗan rami. Abin da muka ji a bayan labule, wallahi kamar an kifar da kasuwar 'yan kwanuka. Wani murfi ya gangaro ta ƙarƙashin labulen, ya zagaya ƙafata sau biyu ya kwanta. Lawan ya tsaya a gefen titi ya riƙe sitiyari, ya ce, "Shekara ashirin da biyu ban taɓa kayar da majinyaci ba."

Faranti biyu ne suka fashe. Delu ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "In kwano bai iya zama a ciki ba, bayana ne zai iya? Ranar da jeren nan ya je ya dawo yadda aka ajiye shi, ranar zan shiga."

A makon ne kuma aka aiko daga Nguru cewa Inna ta rage cin abinci. Na ga Lawan ya daina dariya, abin da ban saba gani ba. Ya ce zai huda gindin kowace tasa ya ɗaure da noti. Delu ta ce, "Ka huda abin da uwata ta saya mini?" Ya ce to gam. Ta ce ya liƙe hularsa da gam tukuna ya ji. Ya ce a bar kayan a gida. Ta ce to ai ya koma mota ke nan.

Ita ce ta warware mana. Ina zaune a zauren gidansu muna ta zane a takarda, sai muka ji muryarta daga tsakar gida.

"Ku maza kun cika wahalar da kai. Muna 'yan mata muna ɗauko tulu daga rijiya har gida, ko ɗigo bai zuba. Da noti aka ɗaure mana shi a ka?"

Gammo take nufi. Na koma shago na yanka soso, na naɗe da ƙyallayen atamfa, kowace tasa da nata daidai gindinta, guda arba'in da uku. Lawan ya shiga ya kafe su a kan kanta, Zulaihat ta zagaye murafen da siririyar roba ta rufa musu leshi yadda ido ba zai gani ba. Shi kuma ya sauya sifirin ɗin baya, ya rage iskar taya kaɗan. Da za a sake gwaji, Delu ta cika kwano da ruwa ta sa aka ɗora a tsakiyar gado, ta ce Zulaihat ta zauna ta zama shaida. Muka je Hotoro muka dawo, ta kan ramin nan dai. Zulaihat ta leƙo ta taga tun kafin mu tsaya tana cewa, "Umma, zanin gado a bushe!"

Bayan ƙaramar sallar bara muka tafi, da hantsi. Tafiyar da ake yi a awa biyar, mu awa tara muka yi. Ina gaba kusa da shi, Delu da Zulaihat suna ciki. Can sai a ce daga bayan labule, "A gaya wa direba ya rage gudu, ana zuba shayi." Lawan ya ce, "A gaya wa matar gida in na rage daga haka, baya za mu koma." Bayan Haɗeja muka ji shiru. Zulaihat ta ɗaga gefen labule ta ce barci ya ɗauke Umma. Lawan ya kashe rediyo, bai ƙara magana ba har muka shiga gari.

Mun zaci Delu ce za ta sauka ta shiga gida. Sai aka fito aka ce Inna ta ce a'a. Tun da an ce 'yarta ta zo da ɗakinta, ita ce za ta je mata baƙunta. Aka ɗauko ta a kujera, 'yar ƙarama kamar tsuntsuwa, aka wuce da ita ta gabanmu. Mu muna zauren motar, kunne kawai muke da shi. Muka ji kuka kaɗan. Sannan muka ji ana ƙwanƙwasa kwano da farce, ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mai jan fure ce ko? Ni na saye ta. Murfinta yana da ɗan lotsawa a gefe. Ga shi kuwa. Delu, ashe kin riƙe kayanki."

"Na riƙe, Inna."

"Wa ya yi miki jeren? An karkata kwallar nan."

Sai dariya ta tashi a ciki. Lawan ya sauka ya shiga goge gilashin gaba, gilashin da babu komai a jikinsa. Ya daɗe yana gogewa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum da rana Inna tana cikin motar a kwance kusa da 'yarta. Wata huɗu bayan dawowarmu Allah ya yi mata rasuwa. Delu ta yi kuka, amma ta ce mini ta bayan ƙofa, "Malam Hamisu, na ji hannunta a fuskata. Ka gode wa abokinka, ni in na gode masa kansa kumbura yake."

Allah ya jiƙan Lawan, ya sa yadda ya lallaɓa bayin Allah a hanya shi ma a lallaɓa shi.

Ranar Litinin, jajibirin rasuwarsa, na biya ta Gyadi-Gyadi da yamma. Na same shi a zauren motar, ƙofa a buɗe, yana ɓare gyaɗa. Ya ce suna shirin komawa Nguru gaida dangi, amma akwai matsala. Ashe Inna ta bar wa Delu wata tsohuwar tasa, ta ƙarshe cikin kayan ɗakinta, an kawo ta, kuma ba ta da gammo.

Na ce, "To mu shiga in auna gurbin."

"Zaure, Kafinta, zaure." Ya ware hannuwansa biyu. "Kamar haka take."

"Hannunka ai ba ma'auni ba ne."

"Shekara talatin kana cin tuwon gidana, ba ka san girman tasa ba?"

"Shi ke nan. Gobe bayan la'asar zan kawo."

"Ka zo da wuri. Ta ce ɗanwake za ta yi."

"In ta cika yaji kamar na rannan fa?"

"Sai ka ci ka yi shiru, kamar yadda nake yi."