Wandon Jarrabawa

Babanmu ya shekara ashirin da biyu yana koyar da ɗinki a ƙaramar kwalejin sana'a da ke bayan tasha, kuma duk shekarun nan bai taɓa sa wandon kirki ba. Ɗalibansa na kiransa Malam Tsuguna, kuma wallahi shi ya ja wa kansa.

Ga yadda jarrabawarsa take: ka ɗinka masa wando, ya sa, ya hau bene ya sauko, ya tsuguna sau uku a gaban aji. Bai yage ba, ka ci. In ya ce ɓarrr, sai baɗi. Da irin wandunan nan yake zuwa kasuwa, da su yake zuwa gaisuwa. Ranar aurena ƙafar wandonsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mamanmu ta yi mita har ta haƙura.

Sai hukumar kwaleji ta turo kwamiti da takarda mai akwatunan cikewa. Duk ajin da bai nuna hujjar cewa ɗalibai sun koyi wani abu ba, rufe shi za a yi. Baba ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Wannan ko aljihu ba ta isa yankawa ba."

Ranar da suka zo, wandon da wata ɗaliba ta ɗinka ya sa, uwar 'ya'ya biyar wadda ta faɗi sau biyu. Ya tsuguna sau uku, ya ƙara na huɗu don gayya. Ko zare bai motsa ba. Matar ta fashe da kuka.

Shugaban kwamitin ya ce, "Malam, hujja muke nema a rubuce."

Baba ya kama bakin rigar mutumin, ya juyo cikinta ya duba. "Telan nan naka gurgu ne, ko? Ɗalibina ne. Wanduna uku ya yaga mini kafin ya iya wannan kalmasa."

Mutumin ya dubi bakin rigarsa. Can ya ce, "Shi ne. Amma ba akwatin da zan sa wannan."

Aka rufe ajin.

Yanzu Baba na gida. Mama ta sayo masa wanduna na kanti, ƙafafu daidai wa daida, ta ce yau dai ta ga mijinta kamar mutane. Ni kuwa ba na son kallonsa a cikinsu. Ban taɓa ganin wandon da ya yi masa muni haka ba.