Dambun Yaya Kyauta

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunana Zulkifilu, na san yana da nauyi a baki, amma ba nauyinsa ne ya hana ta ba. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa 'yar Sandamu ce, daga gidan da ake riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba, Gwaggo Nana, a ɗaya sashen gidanmu na Daura. Na tashi ina jin ƙannen babana suna kiran mahaifiyata Yaya Kyauta, ni ma na bi sahu. Sai da na kai aji uku a firamare wata yarinya ta tsegunta mini cewa Yayar nan da ke kawar da kai idan na shigo, ita ta haife ni. Na ɗauka zagi ne, na kai ƙara wajen Gwaggo, ta yi dariya har da hawaye.

Man gyaɗa Yaya take yi, kuma duk unguwarmu an san hannunta. Ta soya gyaɗar, ta murje, ta kai inji, ta dawo ta tsaya a kan turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar ta matse ta murza ƙuli-ƙuli. Mace ce mai baki, ga tsokana. In ta fara ba wa masu sayen mai labari, daga zaure ake jin dariyarta. Amma da na yi sallama sai ɗif, kamar an ɗauke wuta. In tana da saƙo gare ni, turmi take gaya wa: "A ce wa ɗan Gwaggo akwai ƙuli a ƙwarya." Ƙannena biyar kuwa, daga Maijidda da ke bi na har auta, a cinyarta suka girma, a kwanonta suke tsoma hannu. Ina kallonsu daga bakin ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin haushinsu.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Katsina ina jami'a. Wa'azi ko'ina, ni ma na dawo hutu da gemu mai gashi bakwai da hujjoji cike da baki. Na tsaya a tsakar gida na yi bayani mai tsawo cewa wannan kunya al'ada ce kawai, ba ta da tushe a addini. Yaya ba ta daina juya turmi ba. Da na gama ta dubi Maijidda ta ce, "Ki tambayi malamin, ya ci abinci kuwa?" Daga ranar ban sake yi mata wa'azi ba.

Bayan shekaru na sami aikin koyar da lissafi a wata jami'a a ƙasar Malesiya, na tafi da matata Khairat. Kafin nan Gwaggo ta rasu, babanmu Malam Sha'aban, dillalin shanu, shi ma ya bi ta. Shekara uku ina aika wa Yaya gayyata, tana aiko da amsa ta bakin Khairat: wa za ta bar wa turmi? A waya sai su yi rabin awa suna hira da surukarta, in aka miƙo mini na gaishe ta, ta ce "Lafiya. Madalla," shi ke nan sai numfashinta. A shekara ta huɗu Maijidda ta kira ni ta ce Yaya ta ce a yi mata takardu, za ta zo ta yi wata guda. Murna ta hana ni tambayar abin da ya sauya mata ra'ayi.

Maganar kiran suna na daɗe da haƙura da ita. Buri ɗaya na ƙulla a raina: a cikin kwana talatin ɗin nan, ko sau ɗaya ne, in sa hannu a kwano ɗaya da mahaifiyata. Ina da shekara talatin da takwas, ban taɓa yi ba.

Ta iso tare da wani ɗalibi ɗan Katsina da muka haɗa su a jirgi. Ta rame, hijabinta ya yi mata yawa, amma ta ce wa Khairat abincin jirgi ne, wanda ba ta san kansa ba bare gindinsa. Na durƙusa a tsakiyar filin jirgin na gaishe ta, mutane na ratsa ni da akwatuna. Ta kalli jakar buhunta ta ce, "A yi hankali da wannan, akwai mai a ciki."

A Daura kunya tana da wurin zama. Akwai zaure, akwai katanga, akwai sashen Gwaggo da mutum zai shige. Gidanmu na can kuwa ɗaki biyu ne da falo a hawa na tara, in ka yi atishawa kowa ya ji. Na ɗauka wannan ƙuncin zai taimake ni. Ranar farko na sa Khairat ta jera faranti uku a tebur. Yaya ta zauna a gefen kujera, hannayenta cikin hijabi, tana kallon bango. Na ci, Khairat ta ci, farantinta ya huce. Washegari haka, rana ta uku ma haka. Shayi kawai take kurɓa a ɗakinta.

Khairat ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. "Malam, baƙuwa ka gayyato ko horo za ka yi mata? Kwana uku baiwar Allah ba ta ci abin kirki ba."

"Uwata ce," na ce. "Laifi ne in ci abinci da uwata?"

"Ba laifi ba ne. Amma abin da ta riƙe tun kafin ka yi haƙori ba za ka ƙwace shi da faranti ba. Ka ba ta wuri ta sake, ka ga yadda take ramewa."

Na ji zafin maganar, don gaskiya ce. Daga ranar na koma cin abinci a baranda, tsakanin shanyar kaya da tukunyar fulawa, in ja ƙofar gilashi in rufe. Na riƙa daɗewa a ofis ina duba takardun da ba su da gaggawa. Na gaya wa kaina biyayya nake yi, amma rabinta fushi ne. In na dawo da la'asar, tun daga bakin lif nake jin dariyar Yaya, irin ta tsakar gidanmu. Sai in tsaya da mukulli a hannu in saurara na ɗan lokaci, don na san ina murɗa shi za ta yanke.

Ba a yi mako ba ta yi ƙawa, wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke ƙofar da ke kallon tamu. Wannan ba ta jin Hausa, waccan ba ta jin yarensu, amma sai su shimfiɗa tabarma su yi ta zuba, kowa da harshenta, suna tafawa. Yaya ta koya mata cin ƙuli, ita kuma ta kawo mata shinkafa da kwakwa, suka ci a faranti ɗaya. Ni malamin jami'a, na tsaya ina kishi da tsohuwar da ban ma iya faɗin sunanta daidai ba.

Wata rana Khairat ta kai ta jami'ar ba tare da na sani ba. Suka tsaya a bayan taga ina koyarwa. Khairat ta ce mini Yaya ta yi kusan minti ashirin ba ta motsa ba, da suka juya za su tafi ta ce, "Ashe yana da murya." Na tambaya ko ta ƙara wani abu, Khairat ta ce a'a, sai dai ta nemi wurin zama don ƙafarta ta gaji.

Ana gobe za ta koma, Yaya ta tashi da hidima. Ta lissafa wa Khairat tsarabar da take so, mayafai da turare da takalman jikoki, ta ce lallai a babbar kasuwar cikin gari za a sayo, mai nisan nan. Khairat ta ce su tafi tare, ta ce jikinta ba ya so. Ni kuma ina da aji ɗaya da safe, na dawo gida bayan azahar.

Tun daga ƙofa na ji ƙamshin dambu, na tsakin masara da zogale da man gyaɗarta, irin wanda rabona da shi tun ina Daura. Na yi sallama na shiga. An ture tebur gefe, an shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo. A kanta ga babban kwanon samira mai murfi da ta zo da shi daga gida, ga robar ruwa a gefe. Yaya kuma ba ta shige ɗaki ba kamar yadda ta saba. Tana zaune a bakin tabarmar, ta naɗe hijabi zuwa gwiwar hannu, yatsunta na dama a jiƙe. Na ga ruwan da idona, na ɗauka na girki ne.

Ta kalli taga ta ce, "Abincin nan zai huce."

Na ce a raina, baiwar Allah, Khairat ba ta nan, babu wanda zai miƙo mini, shi ya sa ta daure ta zauna. Kada in ƙara mata nauyi. Na durƙusa na ce, "Sannu da aiki, Yaya. Allah ya saka da alheri." Na sa hannu biyu na ɗauki kwanon, na fita baranda, na ja ƙofar gilashi na rufe a hankali. Har wani daɗi na ji a raina cewa yau na nuna mata ni ma na san ya kamata.

Dambun ya yi yawa ga mutum ɗaya. Akwai cinyar kaza biyu, ɗaya a wannan gefen kwanon, ɗaya a wancan. Na cinye duka, na suɗe hannu. Da na shigo ta naɗe tabarma ta shige ɗaki.

Washegari muka raka ta filin jirgi. Ta rungume Khairat, ta sa mata albarka mai tsawo. Na durƙusa, ta kalli saman kaina ta ce, "A riƙa cin abinci a kan lokaci." Mako goma sha ɗaya bayan nan Maijidda ta kira ni ina tsakiyar aji, ta ce Allah ya yi wa Yaya rasuwa. An yi jana'iza kafin in sami tikiti, sai ranar sadakar uku na isa Daura.

Da mutane suka ragu Maijidda ta kira ni ɗakin Yaya. Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba sai ranar. Har yanzu ƙamshin soyayyar gyaɗa na jikin labule. A nan ta gaya mini cewa tun kafin tafiyar likita a Katsina ya faɗa musu ciwon hanta ne, kuma ya yi nisa. Yaya ta hana a gaya mini, ta ce a yi mata takardu kawai. Sannan Maijidda ta jawo kwanon samirar daga ƙarƙashin gado ta ajiye a gabana.

"Ta ce a ba ɗan Gwaggo."

Na ce, "Na gane shi. A ciki ta yi mini dambu."

Maijidda ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. "Yaya Zulkifilu, ba kai kaɗai ta yi wa ba. Ta ba ni labarin tun daren da ta dawo. Ta ce da gangan ta tura Khairat kasuwa, don ba za ta iya a gaban suruka ba. Ta ce kwana ashirin da tara tana tara ƙarfin hali. Ta wanke hannu ta zauna, ta ce yau ko ƙasa za ta tsage sai ta ci abinci da yaron nan. Sai ka zo ka durƙusa ka ɗauke kwanon."

Da ƙyar na ce, "Me ya hana ta kira ni? Gilashi ne kawai tsakaninmu."

"Da wane sunan za ta kira ka?"

Can na tambaye ta ko Yaya ta yi fushi da ni.

"Fushi? Yabonka ta yi ta yi. Ta ce Gwaggo ta iya tarbiyya, yaron nan ya fi ta kunya. Ta ce ta zauna tana kallon bayanka ta gilashi har ka gama, ba ta taɓa ganin yadda kake cin abinci ba sai ranar." Maijidda ta share ido da bakin mayafi. "Ta ce ka cinye tas, har da cinyar da ta ajiye a nata gefen. Ta ce ashe da yunwa yake."

Na yi kuka a ɗakin nan irin wanda ban yi ba ko a mutuwar Gwaggo. Shekara talatin da takwas ina jira a bakin ƙofa, ranar da aka buɗe mini ni na rufe da hannuna, har ina yaba wa kaina.

Na koma Malesiya da kwanon a cikin jakar hannu. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta tare ni a bakin lif tana tambaya da hannu, ina ƙawarta? Ban san yadda ake faɗa da yarensu ba, na ɗaga mata kwanon kawai, ta dafa bango. Khairat ta taɓa yin dambu sau ɗaya ta zuba a ciki, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwan wanke hannu. Na wanke, na zauna, na kalli ɗaya gefen kwanon. Na ce mata ta juye a faranti.