Ranar Da Yaya Ya Gwada Rigar Ceto A Kaina

Ni ɗan masunta ne, amma ban iya iyo ba. Wannan magana da na rubuta cikin sauƙi yanzu, na fi shekara talatin ina ɓoye ta. Tun ina ƙarami aka kai ni Birnin Kebbi karatu wurin kawuna, ruwan da na saba da shi bai wuce na buta ba. In na zo gida Argungu ana hirar su, wato kamun kifin gayya, da hawan gora a ruwa, sai in riƙa gyaɗa kai kamar da ni aka yi. A danginmu, namijin da bai iya ruwa ba har 'ya'yansa sai an goranta wa.

Wata damina jirgi ya kife da mata masu zuwa aikin shinkafa a wani mashigi can ƙasa da mu. Bayan an share makoki sai ga ma'aikata da jirgin ceto mai inji da tarin riguna masu ruwan lemo, wai za a yi atisaye. Yayana, wanda ke fiton mutane da kwalekwale a mashiginmu, ya aiko lallai in zo in yi wa baƙi tafinta. Baƙin nan Hausawa ne, tafintan me? Na dai taho, amma raina bai kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza.

Na tarar da bakin gulbi cike, yawanci mata masu fita aikin shinkafa, kowa na kallon rigunan a kaikaice. Wata tsohuwa ta ɗauki ɗaya ta matsa, ta ce, “Wagga ai katihwa ta. In ta sha ruwa ƙasa za ta yi da mutum.” Ni ma da na duba ɗinkin, zaren bai yi mini kama da abin da zan ba amanar raina ba.

Shugaban ma'aikatan ya yi bayani da lasifika: mutum zai faɗa ruwa da riga, ya busa usur, jirgin ceto ya je ya ɗauko shi. Masunta biyu suka gwada, aka ɗauko su suna dariya. Tsohuwar ta taɓe baki. “Yo waɗanga ko turmi anka ɗaura musu hitowa za su yi. Ba riga ta hisshe su ba.”

Matan suka fara ɗaukar ƙwaryoyinsu za su watse. Nan Yaya ya karɓi lasifikar, na ga idonsa na nemana cikin taro.

“Ga ƙanena nan,” in ji shi. “Wanga ko cikin randa anka sa shi, nutsewa zai yi. Bai iya ruwa ba, bai taɓa iyawa ba. A sa mishi rigar mu gani.”

Dariya ta ɓarke. Surukina na tsaye a wurin. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma tsani Yaya har cikin raina. In na ƙi, a ƙara mini da sunan matsoraci. Shi da kansa ya ɗaura mini igiyoyin, ya ja har numfashina ya sarƙe.

Na ce a hankali, “Yaya, tun yaushe ka sani?”

Ya ce, “Kai ɗai ka yin mura duk ranar su. Shekara nawa?”

Ya tuƙa ni tsakiyar gulbi. Ban yi tsalle ba, ko me mutane za su faɗa, turo ni ya yi. Na sha ruwa, na ga duhu, sai kuma na ji an cillo ni sama. Na manta da usur sarai, Inna kawai nake kira, ni mai 'ya'ya huɗu. Ruwa na juya ni, amma kaina na waje. Haka na yi ta yawo har jirgin ya iso aka jawo ni kamar buhun albasa.

Kafin in gama amai rigunan sun ƙare. Tsohuwar nan ma ta rungume tata.

Ina zaune ina karkarwa sai na lura Yaya a jiƙe yake tun daga kai har ƙafa, ba hula, kwalekwalensa kuwa wani ne ya kamo shi can ƙasa. Ya ce wai feshin injin ne. Na san ƙarya yake. Wani masunci ya gaya mini daga baya cewa ina faɗawa ya bi ni, yana ƙarƙashina cikin ruwa har aka ɗauke ni.

Nan take a bakin gulbin na ce, “Ashe kai ma ba ka yarda da rigar ba, ka tura ni?”

Ya matse bakin rigarsa, bai dube ni ba.

“Matan nan ni ka ɗaukar su kullum,” ya ce. “Kai ɗaya na iya riƙewa. Su ashirin fa?”

Wata huɗu na yi ban gaishe shi ba.