Wutar da Ta Ci Hannun Yaya

Yayana ya dawo Kontagora a bayan motar hatsi, hannayensa biyu a naɗe har gwiwa. Ina da goyon fari a lokacin, amma na baro ɗakina na zo jinya, don Inna ba ta iya kallon ciwon.

A matatar mai yake aiki, can kudu. Ɗan maƙwabcinmu ne ya samo masa aikin, shi ne kuma shugabansu a sashen. Ina shafa masa magani Yaya ya ba ni labari. Wani bututu ne mai ɗauke da iskar haidurojin mai zafi. Iskar ta daɗe tana cin ƙarfen ta ciki, waje kuwa fenti sumul. Rannan ƙarfen ya tsage, iskar ta fito ta kama da wuta.

"Da rana tsaka ne," in ji shi. "Ba harshen wuta, ba hayaƙi. Ƙara kawai na ji. Na kai hannu in rufe famfon, sai na ga fatata tana saɓulewa."

Da babbar salla ɗan maƙwabcin ya zo gida. Kafin a gama cin naman layya unguwa ta ɗauka wai Yaya ne ya kunna taba a bakin aiki. Yaya da ko warin taba ba ya so!

Sai ga ɗan maƙwabcin a zaurenmu da sukari da turmin atamfa. Ni na tare shi.

"Ƙanwata, ya mai jiki?"

"Ni ba ƙanwarka ba ce. Kai ka ce taba ya sha?"

"Abin da aka faɗa a wurin aiki na faɗa."

"Wa ya faɗa, in ba kai ba? Ka tsare kujerarka, ka bar shi da abin kunya."

Inna ta fito. Ta ɗauki kayan ta ajiye a tsakiyar hanya.

Akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakanin gidajenmu, ta nan matan suke aron turmi da garwashi. A makon Baba ya kwaɓa ƙasa ya toshe ta.

Yatsun Yaya ba su ƙara miƙewa ba. Ya koma awon dawa a kasuwar Salka, yana tallabar mudu da tafin hannu. Shi daga baya ya riƙa amsa sallamar ɗan maƙwabcin. Ni kam ban taɓa amsawa ba, kuma ban yi nadama ba.