Karan Ɗori a Fiffiken Jirgi

Saura kaɗan in bar wanga labari a cikina. Ba don komai ba sai don abokaina na bakin tasha a Jega, waɗanda in sunka samu abin tsokana ba su sakinsa sai ya tsufa a hannunsu. Mutum da furfura a gemu, har da jika, a ji ya share kwana hamsin yana liƙa ɗan jirgin roba? Sai na duba na ga sun riga sun ji rabi a bakin mai ɗakina, kuma rabin da sunka ji ba shi ne mai daɗin ba.

Ni albasa ta yawata da ni duniya. Na bi manyan motoci zuwa Ikko da Fatakwal, na tsallaka Kwatano, na kai har Akara. Na kwana a kan buhu, na sauko daga mota tana tafiya, ko targaɗe ban taɓa yi ba. Sai ga ni a Jiga Birni, nan bayan gida, ina saukowa daga kan lodi a natse kamar liman, takalmina ya hau ɓawon albasa. Na ji ƙas. Na ce wa direba, "Wani abu ya karye a motarka." Ya ce, "Alhaji, ba a motata ba ne."

An yi hoto, anka ce ƙashin ƙwauri ne, wuri ɗaya, bai fasa fata ba. Ƙannena sunka ce ga Aliero nan kusa, kuma ga abokin marigayi mahaifinmu, maɗori ne tun ba a haife mu ba. Baba muke ce masa. Gajere ne, ba ya da yawan magana, manyan yatsunsa sun yi faɗi kamar cokali. Yadda ya ja ƙafar ya mayar, wannan ba zan faɗa ba, akwai mata cikin masu karatu kuma ina son su ci gaba da ganin girmana. Ya jera karare, ya naɗe tun daga idon sawu har saman gwiwa, sannan ya tsuguna ta wajen yatsuna ya rufe ido ɗaya, ya leƙo ƙwaurin kamar kafinta yana duba katako.

Ya ce, "Kwana arba'in ba ka taka ta. Ka jiya, mai yawon duniya? In kat taka, za ta kama a karkace. In tak kama a karkace, sai in sake karya ta mu koma farko."

Kullum da hantsi zai zo ya lalluba, ya shafa man shanu inda karare ba su rufe ba, ya yi tofi. Daga ƙarshe ya buɗe wani ɗan gwangwani ya lakato wani baƙin abu, ya ja mini layi a tafin ƙafa daga dunduniya zuwa yatsa. Ni na ɗauka nan asirin yake. Har ina jin yana ratsa ni.

Ɗakin da anka sa ni a gidan Baba mu biyu ne. Ɗayan wani dattijon Bafillace ne daga Kuberi, bijiminsa ya matse shi da iccen kalgo ya karya masa hannu. Shi yana yawonsa, hannun ne kawai a rataye. Ko daren farko ba a kai ba, tun la'asar ya ja mini kunne.

"Alhaji, kar ka ɗauki maganar Baba wasa. Makon jiya na ga anka sake karya ma wani. Ƙato, mai ɗaukar buhu biyu. Wallahi inna ya dinga kira."

Kwana biyar na yi ina kallon azara. Na ƙirga su, na sake ƙirgawa, ba su ƙaru ba. A rana ta shida mai ɗakina ta zo daga Jega da tuwo, da wani kwali a ƙarƙashin hammata.

Ta ce, "Ga jirginka. Shekara bakwai ina ɗaga shi ina share ƙarƙashinsa. Yau dai ga ka ga shi, babu mai iya gudu."

A kasuwar gwanjo ta Kwatano na saye shi, tsakanin tsoffin takalma da dutsen guga. Hoton kan kwalin ya kama ni: jirgi mai fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya kamar gidan bene, tayoyinsa kamar na keke, direban zaune kansa a waje babu rufi, ga bindiga daidai hancinsa. Wani malamin makaranta da munka haɗu a mota ya karanta mini Faransancin da ke jiki. Ya ce irin jiragen yaƙi na farko-farko ne, sama da shekara ɗari, da katako da ƙyalle ake yin su, kuma duk abin da ke jikin na gaskiya an rage shi sau arba'in da takwas. Na ce da na isa gida zan haɗa. Da na isa gida sai mota ta samu.

Da na buɗe, babu jirgi. Wasu 'yan ɓaraguzan roba ne masu launin toka, maƙale a jikin firam kamar dabino a zangarniya, kowanne da lambarsa. Gam ɗin da ke ciki ya bushe ya zama dutse. Ashe mai ɗakina ta riga ta duba, ta sawo mini irin gam ɗin nan mai kama yatsa, da reza, ta haɗo da hantsakinta na cire ƙaya.

Na ɗora faifai a cinya na fara. A yanke da reza, a kankare bakin, a gwada, sannan a ɗiga gam da tsinke. Wannan tsarin sai da na liƙe yatsuna uku da kujerar direba na koye shi. Ranar nan Bafillace ya yi dariya har Baba ya leƙo ya ce ya kula da hannunsa. Akwai ɗan mutum-mutumin direba, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba. Bafillace ya ce shi fa a ɗakin nan yake salla. Munka sa direba a gidan ashana, munka rufe, har yau yana can.

Gangar jiki ta haɗu, fiffiken ƙasa ya zauna, wutsiya ta zauna, farfela har tana juyawa in an hura. Na fara jin kaina. Saura fiffiken sama, kuma nan aikin yake. Ba ya taɓa jikin jirgin, a kan wasu 'yan ginshiƙai takwas yake tsayawa, kowanne kamar tsinken sakace da anka raba uku. Sai dukkansu sun tsaya a raminsu lokaci ɗaya, kai kuma hannu biyu Allah ya ba ka.

Rana ta goma sha tara ke nan. Bafillace ya fita shan hantsi. Na kama ginshiƙi na ƙarshe da hantsaki, na ɗan matsa, sai fit! Jirgin bai tashi ba amma ginshiƙinsa ya tashi. Na bi shi da ido har ya sauka can bakin ƙofa, daidai inda kaji ke shigowa. Ga wata kaza ta riga ta karkato kai.

To, ku da kuke karantawa da ƙafafunku biyu lafiya, na san abin da za ku ce. Ni ma na san shi. Na ce mata "shit!" ba ta ji ba. Na jefa hula, ta kauce ta dawo. Babu wani irinsa a kwalin, babu a Jega, babu a jihar nan kaf. Na dafa bango na miƙe a kan mai lafiyar, na ce tsalle biyu ne. Tsalle na farko ya yi. A na biyu bango ya ƙare, ita kuma ƙafar da anka ce kar a taka, ta sauka da kanta. Taku uku zuwa, na riga kaza ɗauka, taku uku dawowa.

Na komo shimfiɗa gumi na zuba, ƙwaurin na bugawa kamar kalangu. Don in nuna wa kaina babu abin da ya faru, na ɗiga gam na kifa fiffiken nan take, ban ko duba ba. Gam ɗin kuwa ba ya jiran shawara. Ya kama.

Sai na dubi siminti. Baƙaƙen layuka shida, reras, daga shimfiɗata zuwa ƙofa da dawowa. A lokacin na gane maganin Baba: baƙin tukunya ne da man shanu. Na ja gindi na goge su da hular da na jefi kaza. Amma tafin ƙafar fa? Ƙafa a miƙe cikin karare, hannuna bai kai ba ko da zan mutu.

Da Bafillace ya dawo na ce, "Ɗan uwa, don Allah samo baƙin tukunya ka ja mini layi ɗaya."

Ya dubi tafin, ya dube ni. Ya ce, "Alhaji, ni hannu ɗaya gare ni, shi ma ina son abina."

Washegari Baba ya zo. Ya tsuguna, ya ɗaga dunduniya, ya daɗe yana kallo.

"Ina kat tahi?"

"Ni, Baba? Ina zan je?"

"Ikko ko Kwatano?"

"Wataƙila zanen gado ya goge shi."

"Zanen gadonga har da kashin kaji gare shi?"

Ya kwance karare, ya sa manyan yatsun nan yana bin ƙashin a hankali, idonsa a rufe. Daga can ya danna wani wuri, na ga taurari da rana tsaka. Ya mayar da karare, ya ɗaure tamau fiye da da.

"Ta motsa, amma ba ta gudu ba. Na maishe ta. Nan da kwana bakwai mu gani. In tat tsaya, to. In ba ta tsaya ba, ka san sauran."

Yana miƙewa idonsa ya faɗa kan faifai. Ya ɗauki jirgin, ya juyo hancinsa, ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

"Wanga kam ya riga ya kama a karkace. Dubi, hagu ya sauka, dama ya hau, awa hular ɗan tauri. Ka yarda in gyara?"

Ban gama ɗaga kai ba ya sa yatsu biyu. Ƙas. Ƙaramar ƙara ce, ba ta kai ta karya tsinke ba, amma a ƙwaurina na ji ta. Bafillace ya ce, "Innalillahi." Baba bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ka ji yadda take."

Ya zauna a ƙasa, abin da ban taɓa gani ya yi a ɗakin majinyaci ba. Ya karɓi reza ya kankare busasshen gam. Ya zaro kara ɗaya daga aljihu, ya ɓare, ya yanka totuwar cikin gida huɗu, ya jera su ya tabbatar tsawonsu ɗaya. Ya sa biyu hagu biyu dama tsakanin fiffiken ƙasa da na sama, ya naɗe da zare. Da fiffiken ya tsaya da kansa a kan totuwa, sai ya riƙa tura ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ni ina ɗiga gam inda ya nuna. Abin da na kwana uku ina fama, da yatsun da sunka fi jirgin kauri ya yi shi.

Na ce, "Baba, gam ɗin nan minti ɗaya yake kamawa, yanzu sai a cire."

Ya ce, "Ni ba a buɗe ɗorina kahin kwana bakwai. Mutum ko jirgi."

Ya ɗora shi a kan taga, can sama inda ko mai ƙafa biyu sai ya yi ɗage.

Kwana bakwai ɗin nan ban motsa ba. Ƙuda ya sauka a yatsana sai in bar shi ya gama harkarsa. Labari ya zaga gidan, masu jinya sunka riƙa leƙowa. Bafillace kullum da safe zai gaishe ni, sannan ya ɗaga kai wajen taga ya ce, "Ya mai jiki? An samu barci?" Wata tsohuwa daga Liba da ke jinyar mijinta ta yi wa jirgin sannu da gaske, sai da ta fita ta tambaya ko na wane ne. Ina dariya da su, amma duk sanda na kalli tagar nan, ƙaramar ƙarar ce nake ji.

Ranar bakwai Baba ya shigo, ya wuce ni, ya sauko da jirgi. Ya warware zare a tsanake, ya zare totuwa, ya leƙa, ya juya, ya sake leƙawa. Ya hura farfela.

Na ce, "Baba, akwai wani majinyacin fa."

"Shina gaggawa?"

Ya kwance ni. Ya lalluba. Ya koma wajen yatsu ya rufe ido ɗaya. Na kalli fuskarsa, babu abin da za ka karanta, kamar bangon laka. Ya haɗa ƙafafun biyu ya gwada dunduniya da dunduniya.

"Ba sai na karya ba."

Ban san na riƙe hannun Bafillace ba sai da ya ce, "Alhaji, mai lafiyar ke nan, sake mini."

Baba ya ƙara mini kwana goma, ladan yawo. A cikinsu na yi fenti, na ja wayoyin da ke gicciye tsakanin fikafikan da gashin wutsiyar saniya, wanda 'yan uwan Bafillace sunka kawo daga Kuberi, don zaren ɗinki ya yi kauri kamar igiyar guga. Ranar da anka sallame ni na taka da sanda har ƙofar zaure, ƙafa a miƙe, takalmi biyu suna sauka daidai.

Bayan wata biyu na koma gaishe shi, a ƙafa daga bakin titi, don ya gani. Ya sa na yi tafiya zuwa bango na dawo, ya gyaɗa kai. Munka zauna munka sha fura. Ya daɗe yana juya ludayi, ina jin akwai magana. Can ya dubi yatsunsa, ya ce, "Mai yawon duniya, shekara hamsin nike taɓa abin da ban gani. A can inda kas sawo wancan, babu kwali irinai na mutum, da ƙashi ɗai-ɗai kowane da lambatai, in zauna in haɗa shi da hannuna?"